Guzurin Baba Sila

Asabar a Billiri, ruwan la'asar ya ɗauke,
muka zauna gindin ɗorawar bayan coci,
ni da yara sha ɗaya masu shirin karɓar Jibi,
benci biyu, ɗaya dutse ne ƙafarsa.
Tsohon ƙarfen mota na rataye a reshe,
kwana tara ba a buga shi daidai ba,
tun da Baba Sila ya kwanta dama.

Zan buɗe littafi, Firiskila ta riga ni:
"Malama, da Fada ya je gidansu kan babur,
ɗan gwangwani mai ƙyalli rataye a ƙirjinsa,
magani ya kai? To, don me bai warke ba?"

Na ce, ran da aka sa ki motar Jos,
me uwarki ta ƙulla miki a bakin zane?
"Dafaffen ƙwai biyu da ƙuli-ƙuli."
To, guzuri Fada ya kai.
Sai dai uwarki a tasha ta tsaya tana ɗaga hannu,
shi Yesu bai iya tsayawa a tasha ba.
Ya mai da kansa abincin,
don a tafi tare da shi.

Fabiyan ya tura baki:
"Yayana ya ce ba gishiri, ba suga,
manne wa ganɗa kawai yake."
Yayanka bai yi ƙarya ba.
Ido gurasa yake gani, harshe gurasa yake ji.
Amma in Fada ya sunkuya a bagade,
ya maimaita kalmomin daren ƙarshe,
gurasar ta tashi daga gurasa,
Yesu ne da kansa, jiki da jini,
ya ƙanƙantar da kansa daidai tafin hannunka.
Ni ma ban gama ganewa ba.
Shekara talatin ina durƙusawa, ina cewa amin.

Sai Kefas, ƙaraminsu, mai wando ba maɓalli:
"Ƙasa ba ta shiga idon Baba?"

Shiru. Har akuyar katikis ta daina tauna.

Na ce, wa ya taya shukar gyaɗa bana?
Hannu sha ɗaya a sama.
Da kuka rufe ƙwayar da diddige,
wa ya ce ta ɓata?
Jikin Baba shuka ne, Kefas, ba ya jin ƙasa,
yana jiran ranar da Allah zai tashe shi.
Ransa kuwa ya yi gaba.
"To, don me kika yi kuka a kabari? Na gan ki."
Na yi. Yesu ma ya yi wa abokinsa kuka.
Mai shuka ma yakan ji yunwa kafin kaka.

Addu'ar da muke masa fa?
Wanda ya dawo daga gona
yakan wanke ƙafa kafin ya taka tabarma.
Mu ne masu miƙa masa ruwa.

"Sama fa, Malama, kin taɓa zuwa?"
Ban taɓa ba, ba zan zana muku ƙarya ba.
Abin da na sani, gida ne.
Uba na bakin ƙofa, ya san sunan kowa,
har sunan da kaka kaɗai ke kiran ka da shi.
Ba a cewa tuwo ya ƙare,
ba a kai kowa asibitin Kaltungo da dare.
Wanda kuke shirin karɓa a ɓoye cikin gurasa,
can fuska da fuska za ku gan shi.

Firiskila ta ce, "Ashe Baba ya riga mu ganin sa."
Na ce, da yardar Allah.

Rana ta sauka bayan dutse.
Kefas ya ɗauki guntun ƙarfen Baba,
ya hau benci, ya yi ɗage,
ya buga sau uku, a karkace.
Akuyar ta tsinke igiya.
Gobe Misa ƙarfe shida, na ce,
kada wanda ya zo mini da ƙosai a baki.