Ƙarfe Ɗaya Ba Ya Amo

Ƙarfe biyu na dare.
Mu ko lokaci da ƙarfe muke kiransa,
ƙila shi ya sa yake da nauyi haka.
Can inda takarduna suke, yanzu rana ke faɗuwa,
wani mai furfura zai iya danna maɓalli
kafin ya ɗauki jakarsa ya tafi gida.
Ni ina Gwammaja, cikin gidan sauro,
ina jan fuskar waya da babban yatsa,
tana komawa yadda take.

Jami'a shida na nema.
Kuɗin fom ɗin huɗu adashin Inna ne,
na biyar ɗankunnena,
na shida bashi ne Baba ya ci
wurin Alhaji Tasi'u mai rodi a Ƙofar Ruwa.
Bai faɗa mini ba. A bakin yaron shago na ji.

Biyu sun amsa,
da Turancin nan mai ladabi
da ke shafa maka kai kafin ya ja ƙyaure.
Ɗaya ta ce in tsaya a layi.
Uku ko tari.

Gwaggo Barira ta fara ce mini Dakta tun watan jiya,
har ta kawo mini ƙafarta mai kumburi.
Na ce ba irin wannan ba, Gwaggo,
ni karatun abin da ke cikin abu zan yi:
me ya sa tangaran ke fashewa,
roba ta miƙe, tagulla ta yi tsanwa,
me ya sa gada ke gajiya.
Ta ce, to ai ƙafar ma gajiya ta yi.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse.
Na san zafin da dutse ke narkewa,
na rubuta shi a jarrabawa, na ci.
Babu romo a ciki.

Shekara biyu na yi a sabon mazaunin Bayero
ina leƙen tsaga a jikin rodi
da na'urar aro, in an kawo wuta.
Baba kuwa, shekara talatin yana walda,
sai ya ɗaga sanda ɗaya ya sake ta a siminti,
ya karkata kunne,
ya ce, wannan ba za ta riƙe bene ba.
Abin da yake ji nake so in je in gani,
in dawo da sunansa.

Shi ya nuna mini tun ina 'yar firamare:
ƙarfen da aka tsoma a ruwa da jansa
yana da tauri, amma faɗuwa ɗaya ya tsage.
Wanda aka binne a toka ya huce a hankali,
shi ke lanƙwasa bai karye ba.
Daga baya na tarar da zancen a littafi, da zane, da lissafi.
Sai dai littafin bai faɗi
yadda dare yake a cikin toka ba.

Asuba. Waya ta yi motsi a kan tabarma,
na katse tasbihi, Allah ya yafe mini.
Kamfanin layi ne:
datata ta kusa ƙarewa.

Yau Asabar, ba ni da aji a Kurna,
na kai wa Baba koko da ƙosai shago.
Bai ɗago ba, yana auna ƙofar wani gida.
Ya ce, Rahinatu, sun yi magana?
Na ce, tukuna.
Ya ce, to.
Ya miƙo mini baƙin gilashi,
ya nuna inda ƙarfe biyu za su haɗu,
ya ce, riƙe mini nan, kar ki motsa.