Murfin Kwalba

Mahaifina, Eulogio, da murfin kwalba yake awo.
Shekarar da aka haife ni, murfi ɗaya ne
a tankin ruwa. Ya dama da sanda,
ya goya famfo ya shige rumfar leda,
kafin rana ta faɗa teku
ko motsi babu a cikin furen tattasai.

Nan Almeriya, in ka hau tsauni ka leƙo
ba ka ganin gona, sai leda, fara fat,
tun daga gindin dutse har bakin ruwa,
kamar an shanya wankin duniya an manta.

Ƙwaron kuwa, kunya ma za ka ji ka kira shi maƙiyi.
Tirifs muke ce masa.
Bai kai ƙwayar riɗi ba,
siriri, kamar guntun gashin ido a kan takarda.
Sai ka hura fure ya fito da gudu.
Shi ke kankare ganye ya tsotse,
ya bar tabo mai ƙyallin azurfa,
ya bar cuta mai zana zobe a jikin tattasai,
irin wanda ko kyauta dillali ba ya ɗauka.

Ina aji uku, murfi biyu.
Da na isa ɗaure reshe, uku.
Sai aka fara haɗa kwalba ja da koriya,
Litinin da Alhamis,
daga baya har Lahadi, in an taso daga coci.
Nicanor mai shago kullum da sabon suna a kanta:
"Wannan kam, ko kakansu ba zai sha ba."
Kakan bai sha ba.
Jikokin suka shanye, suka lashe baki.

Mun daɗe ba mu gane ba
ashe tankaɗe muke yi.
Kowane feshi rariya ne:
raunana su zube, masu taurin rai su tsaya a sama,
ga fili babu kowa, ga ɗumi, ga abinci,
gizo-gizon da ke rage mana su ma mun kashe shi.
Mako biyu sun hayayyafa.
Da kuɗinmu muka zubar da gari, muka adana tsaki.

Shekarar da motar kaya ta dawo mana daga arewa
da takarda mai hatimi, wai magani ya yi yawa a jiki,
Baba ya zauna a kan kwando bai cire takalmi ba.
Tarinsa ne kawai ke magana.

Fuensanta ce ta zo, malamar gona,
yarinya ƙarama da tabarau a wuya,
ɗauke da kwali cike da dusa.
Ta ce a cikin dusar akwai masu rai,
ƙanana, mayunwata, 'ya'yan tirifs ne tuwonsu.
Baba ya yi dariya har ya sarƙe:
"Shekara talatin ina kashe ƙwari,
yau kuma in sayo su, har da rasit?"
Ta ce, "A rataye famfo tukuna. Feshi ɗaya, sun mutu."

Wata na farko mun yi asarar layi shida.
Sau biyu na kama shi da dare
tsaye a gaban famfo, hannu a baya.
Bai taɓa ba.

Yanzu kowace Juma'a nakan cire katin nan shuɗi mai danƙo
in ƙirga. Wannan makon goma sha ɗaya.
Ba su ƙare ba, kuma ba za su ƙare ba.
Maƙwabcinmu har yau yana feshi,
in iska ta juyo sai in ruga in sauke labule.

Murfin yana aljihuna.
Da shi nake ɗiban dusa, ɗaya a kan kowane tushe,
Baba yana bina a baya yana cewa na cika shi da yawa.