Madubin Wuta

Da hantsi na bar Gusau zuwa Ƙaura,
kuɗin adashena a aljihun ciki, na danne bakinsa da fil.
An ce wani tsoho a bayan tashar jirgi
yana da osiloskof na hannu, mai fuska mai launi.
Ya bar aiki a ɗakin gwaji na foli, ido ya fara yi masa gardama.

Shekara shida ina gyaran inbata da lalube.
Mita takan ce mini akwai wuta,
ba ta taɓa gaya mini kamanninta ba.

Malam Mainasara ya fito da shi a naɗe cikin bargo,
ya goge fuskar da hannun riga.
"Tun ba ka tambaya ba, ƙofa ta biyu kurma ce,
wani ɗalibi ya ɗura mata abin da ya fi ƙarfinta.
Wanga maɓalli yana tsallake, sai da lallashi.
Fankar ciki tana tari da safe, kamar ni."

Ban taɓa ganin mai akuya a kasuwa
ya fara da nuna ƙafar da ke ɗingishi ba.

Muka ci sa'a an kawo wuta.
Layi rawaya ya kwanta shiru, gulbin Gagare da rani.
Ya maƙala tsinke a ƙugiyar gwaji,
sai ga matakala, hawa da sauka,
kusurwa tsaf kamar aikin magini mai tsoron Allah.
"Taɓa bakin da yatsa."
Na taɓa.
Layin ya tashi ya yi kunya-kunya irin ta gonar gero.
"Wutar unguwa ce ke ratsa jikinka.
Kullum tana nan. Yau dai ka gan ta."

Ya ce dubu ɗari da tamanin.
Na ce ɗari da goma.
"Albarka."
Na ce kurmar ƙofa fa?
Ya ce shi ya sa bai ce ɗari uku ba.
La'asar ta same mu a ɗari da arba'in da biyar,
tsinke daban, bakin kada daban,
igiyar wuta gyara ce,
da littafin da gara ta riga mu karanta rabinsa.
Tsinkayen biyu ne. Ya miƙo ɗaya,
ɗayan ya koma aljihunsa.
"Ƙofa guda gare ka. Mi za ka yi da biyu?"
Na san ba rowa ba ce, sai na yi shiru.

Kujera biyu na biya a mota.
A shinge suka leƙo: "Talabijin ce?"
Na ce ƙanenta ne.

Da dare a shago, ina danne-danne,
na faɗa kan abin da bai goge ba:
zanen wuta goma sha ɗaya, kowanne da suna.
Famfon asibiti.
Injin niƙan Ɗanbuga.
Amsa-kuwwar masallaci, kafin gyara, bayan gyara.
Rediyon Hajo har sau huɗu, shekaru daban-daban,
bai taɓa yarda ta mutu ba.
Na bar su yadda suke. Akwai sauran gurbi.

Wata biyu ƙofa ta biyu ta ci mini.
Ashe wani abu ne ya ƙone, bai kai ƙwayar riɗi ba.
Na aika masa ta bakin direba.
Kwana uku, direban ya dawo da safa ƙafa ɗaya,
tsinken a ciki, da 'yar takarda, rubutu yana hawa kan rubutu:
"Dubu tara. Ba gaggawa."

Jibi zan kai masa da kaina,
in sake biyan kujera biyu.
Ba lallai ya gani ba, zan dai faɗa masa:
rawaya a sama, Malam,
shuɗi a ƙasa,
duk biyun suna numfashi.