Shafin Zuma

A Jiratawa, inda gulbi ke barin yashi in ya janye,
turke tara gare ni.
Tara ne, har ranar Litinin.

Ɗiyata Tsahara ke riƙe da kaye,
mai shuɗin bango, ragowar lakwal.
Kowace saniya da shafinta:
ranar da ta nemi sa, ranar barbara,
ranar haihuwa, tatsar safe, tatsar marece.
Ban yi boko ba, amma na san shafin Zuma,
shi ne wanda gindinsa ya yi fari fat
kamar gonar da aka bari saura.

Jinin Azawak ce, ja mai duhun wuya.
Maraƙi shida ta aje mini.
Na fari ya rufa ɗakina da kwano,
na uku ya kai tsohuwa asibitin Maradi
ya maido ta bisa ƙafafunta.
Sauran sun shiga rumbu, sun shiga tukunya,
sun shiga aljihun mai taki.

Daga nan shiru. Damina biyu.
Kwana ashirin da ɗaya, sai ta yi kuka, ta ɗaga wutsiya,
in ja ta wurin bijimin Illo,
in dawo ina ƙirga gaɓoɓin yatsu.
Kwana ashirin da ɗaya, sai ta sake.
Na ba ta kanwa, na ba ta gurya,
na sauko da harawar da na ɓoye wa bazara.
Hantsa na ta motsewa.
Ƙwaryar da ke cika har kumfa ya taɓa babban yatsa
yanzu gindinta kaɗai ke jiƙewa.

Barmu likitan dabbobi ya zo kan babur,
ya zura hannu cikin leda har kafaɗa,
ya kafe ido kan bedi
kamar mai sauraren kira daga ƙetaren gulbi.
"Wayam," in ji shi.
"Baba, buhun dusa bai san tsohon alheri ba."

Tun ranar na daina ƙirga.
Na yi mako huɗu ina kewaye maganar
kamar mai kewaye rijiyar da ta rufta.

A kara, dillali ya buɗe bakinta,
ya karanta shekarunta ga haƙora da ƙarfi
kamar ba ta ji.
Rabo mahauci ya taya, na ce albarka,
ya ƙara, na dubi ƙasa.
Igiyar na kwance na riƙe, ita ba ta cikin ciniki.
Na dawo da kuɗi cikin hula, da igiya a kafaɗa,
kowanne ya fi ɗan'uwansa nauyi.

Laraba da hantsi sai ga Rabo da kansa.
An kawo ruwa, bai sha ba.
Ya tsuguna jikin turken da babu kowa,
ya buɗe tafin hannu,
ya gwada daga nan zuwa nan.
"Kamar ɓera," ya ce.
"Da kai, da ƙafa huɗu. Har kofato ya soma."

Sai na tuna:
cikin makonnin nan huɗu ba ta yi kuka ba.
Ta faɗa mini da shirunta,
ni kuwa ina sauraren buhu.

Ban zagi Barmu ba.
Abin da bai kai ƙwayar gujiya ba ran da ya laluba,
wane hannu zai rantse a kansa?

Da dare Tsahara ta kunna fitila,
ta buɗe shafin, biro a baki.
"Baba, me zan sa? An sayar?"
Na ce sa an sayar.
Ta sa.
Na ce ƙarƙashinsa ki sa bakwai.
Ta dube ni, ba ta tambaya ba.

Waje, takwas na tuƙa cikin duhu.
Ƙaramarsu, jikar Zuma, ta soma kuka tun la'asar.
Na ce, juya shafi,
rubuta yau.