Jerin Kayan Eduvigis

A kan tudun Valparaíso, inda gidaje ke hawa kafaɗar juna
don su leƙi teku,
tsohuwa Eduvigis ta miƙo mini 'yar takarda, ta ce,
"Nibaldo, sauka kasuwa. Kada ka dawo da rabi."

Na karanta a kan matakala, ƙafa na ƙirga, ido na bi:
fulawa rabin kilo, ba ta burodi ba,
ta damawa ce a wuta har ta yi kauri kamar kunu,
a ɗiga mata ruwan tsami kada kyankyasai su yi biki.
Gam na kanti kwalba ɗaya, don abin da ya fi ƙarfin fulawa.
Reza sabuwa. Burushi biyu, mai faɗi da mai bakin tsinke.
Kwali mai kauri, a roƙi mai kifi,
in yana ƙarni babu laifi, teku ce ta sa hannu.

Almakashi ba ya cikin jerin.
Nata na nan tun tana ɗinki,
baƙi, ƙusarsa ta yi sako-sako,
yana kuka kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba.

Na dawo na tarar ta baje tebur:
jaridun da rana ta mayar ruwan ƙasa,
tikitin mota, kan sarki na wasiƙun da ba ta amsa ba,
taswirar gaɓa wadda ɓera ya cinye mata tsibiri guda,
guntun labule, jan zare, allura soke a ƙirjin rigarta,
shayi mai sanyi a kofi, ba na sha ba,
da shi take tsofar da farar takarda kafin ka ce kwabo.
Sai gawayi cikin gwangwanin kifi.
Wannan ba saye aka yi ba.
A kufan gidanta ta tsinto shi,
shekarar da gobara ta lashe unguwar har gindi.

"Yanka na mai gaggawa ne," in ji ta, "yagawa ta fi gaskiya."
Ta kama shuɗiyar takardar ƙunshin sukari,
ta yaga sannu, farin bakin ya taso kamar kumfa,
sai ga teku.
Hannunta na rawa, don haka ni ke riƙe hanzaki,
in ɗora taga ƙanƙanuwa kamar farce
inda haɓarta ta nuna.
Sau uku ina karkata ta. Ta ce a bari,
gidan ma a karkace yake tun asali.

Rufi daga takardar sigari mai ƙyalli,
bango daga shafin farashin tumatir.
Igiyar shanya da jan zaren ta ɗinka ta,
allura na huda kwali yana gurnani.
Hayaƙin kuwa da babban yatsa ta shafa shi.

Da yamma saura ƙofa.
Ta buɗe akwatin biskit, ta zaro wasiƙar Hermógenes,
ita kaɗai ta tsira, don tana aljihunta ran nan.
Ta gwada ta a gurbin. Cif, kamar don ita aka bar shi.
Almakashi ya buɗe baki.
Can ƙasa jirgin ruwa ya yi kuka,
fulawa ta fara yin fata a tukunya,
ni kuma na riƙe numfashi da burushi.

Ta ninke wasiƙar, ta mayar.
"Ɗauko abin danni," ta ce.
Muka ɗora ƙamus, da dutsen guga, da dutsen bakin teku,
hoton ya kwana uku a ƙasansu.

Yau yana rataye a ɗakin da take haya.
Masu zuwa kan ce, ina ƙofa?
Kwalin mai kifi ne tsirara a wurin,
in ka matso da hanci za ka ji gishiri.
Ni dai jerin na aljihuna har yanzu,
a ƙarshensa akwai layin da ta ja,
ba ta rubuta komai a kai ba.