Tsutsar Shagon Fermina

A gangaren La Paz, bayan jami'a,
Fermina Choque na da kwamfuta ɗaya
da rami guda, inda kowa ke soka filashinsa.

Da hantsi Wilmer ya shigo, sanyi ya jiƙa masa hanci,
filashi a wuya kamar laya.
Shafi arba'in. Ya biya, ya zare, ya wuce,
bai san ya bar baƙuwa ba.

Tsutsa ce marar ƙafa, aron aljihu take.
Ba sallama, ba gyaran murya.
Ta kwana cikin inji, ta wayi gari da 'ya'ya.

Akawun lauya ya ɗebi rabonsa.
Wata nas ta hau motar igiya da ita
har asibitin El Alto,
ko kuɗin mota ba a tambaye ta ba.

Ran Alhamis Wilmer ya dawo a guje:
kundin shekara uku ya koma inuwa,
suna na nan, ka taɓa, wayam.
"Injinki ne!"
Fermina ta gyara zaman hularta.
"Rijiya ce, ɗana, guga ɗari ke shiga.
Wanne zan kama?"

Da dare ɗan ƙanwarta ya wanke injin tas,
ya tono kundin inda aka binne shi.

Da safe, tana share ƙarƙashin tebur,
ta tsinci wani filashi shuɗi, ba suna.
Na wane ne, bawan Allah?
Hanyar sani ɗaya ce.
Ta juya shi a tafin hannu,
ta dubi ramin.