Juyi Ɗaya da Rabi

Babur ɗina ya koyi tari.
A shataletalen Ƙofar Ƙaura yake shaƙewa ya mutu,
ya bar ni kan ƙafa ɗaya ina harbin kik,
masu a-daidaita na zagina da ham.
Albashi ya yi nisan kiwo,
gareji kuwa bai san "sai wata ya yi" ba.

Ran Asabar na kafe shi a gindin bedi,
na ɗauko wuƙar albasar Hansai
na sa wa sukurun iska.
Tagulla ba ta gardama: ta bi wuƙa, ta lauye,
kan sukuru ya koma dasashin tsohuwa.
Hansai ta karɓi wuƙarta, ta dubi giɓin,
ba ta ce uffan ba.
Gara ma ta ce.

Sai rumfar Malam Sallau, bayan tasha.
Ƙarafa kwance kan buhu
kamar kifin Ajiwa a faranti.
Hannuna ya zarce ga wani jan akwati,
baki arba'in, kowanne na ƙyallin haƙorin Makka.
Ya make ni da carbi:
"Malamin makaranta, mi za ka yi da arba'in?
Jirgi za ka kwance?"

Ya tono sukudireba siririya
wadda mariƙinta ya sha gumin wani kafin ni.
"Baki ake dubawa, ba riga ba.
In bai cika tsagar ba, kada ka murɗa."
Ya ɗora mai baki huɗu,
sifana lamba takwas da ƙanwar tafiyarta goma,
ta fulogi, mai dogon wuya,
da filaya mai bakin zalɓe.
Na ce, allura fa, don ramin jet?
Ya kama kai.
"Allura! Ka faɗaɗa rami, ka mai da babur mashayi?
Zari silin waya guda, mai laushi,
sannan ka hura da famfon keke.
Buroshin haƙori da gwangwanin madara
suna gidanka, ba na saida maka abin da ka mallaka."
Sukurun da na kashe, ya ba ni madadinsa gyara.
Akwatin nan ya hana ni.
Na juyo ina waiwayensa har bakin titi.

Bayan la'asar na shimfiɗa farin ƙyalle,
na jera hanjin kafireto ɗaya bayan ɗaya
don kowa ya san hanyar komawa gida.
A gindin kwano ga jar laka,
tsarabar man 'yan bumburutu.
Kaza ta hangi jet, ta zaci dawa ce.
Na bi ta da takalmi har bakin rijiya.

Na wanke, na hura, na mayar.
Na rufe sukuru a hankali, kamar ƙofar ɗakin mai jego,
na dawo da shi juyi ɗaya da rabi.
Harbi uku, ya tashi.
Amma akwai abin da Sallau bai shimfiɗa kan buhu ba:
kunnena ya sha ihun aji huɗu shekara ashirin,
duk ƙara a wurina ƙara ce.

Zulai ta tsuguna gefen salansa, alli a goshi.
"Baba, yana haki."
Na ƙara kwata.
"Yanzu kuma fushi yake."
Na rage, kamar kaurin farce.
Ta ɗaga yatsa, ta karkata kai.
"Tsaya nan. Ya yi irin na Kaka in ta yi barci."

Washegari na je Batagarawa na dawo,
na kwance fulogi: launin ƙuliƙuli,
ba baƙi, ba fari.
Ƙarafa biyar na naɗe a tsohuwar safa,
suna rataye a ƙusar zaure.
Saura wuƙar Hansai.
Har yanzu ba ta ce uffan ba,
sai dai albasar miya ta ƙara kauri.